Ranar da Na Sako wa Surukina Ruwa

Ba zan taɓa mantawa da ranar nan ba, ko da na so, don ba a bar ni na manta ba. Gemu ya yi fari, haƙora sun fara yi mini ban kwana, amma har yau in baƙo ya zo daga Dapango ya ji sunana, sai ka ga ya sunkuyar da kai yana gyaran murya, kafaɗunsa na rawa. Na san abin da yake dannewa. Shi ya sa na ga gara in ba da labarin da bakina, tunda na ji yadda 'yan banza suke ƙara masa gishiri, har wani ya ce wai na kashe jaki. Ban kashe jakin kowa ba. Abin da na yi ma ya ishe ni.

Zamanin Faransa ne, kafin babban yaƙi na biyu. Ina akawu a biron kumandan, wato ofishin Bature mai mulki, a Sokode, ɗaya daga cikin 'yan zango ƙalilan da iyayensu suka yi kasadar sa su lakwal, makarantar boko. Farin wando iya gwiwa, safa har ƙwauri, alƙalami a aljihun gaba. In na ratsa kasuwa mahauta su ce, "Mushe ya fito," wato Malam da Faransanci, ni kuwa in ƙara ɗaga kai kamar da ni aka yi shawarar kafa garin. Cutata ɗaya ce, kuma gara in faɗe ta tun yanzu: ba na iya jin mutum ya faɗi abu ba daidai ba in ƙyale shi. Ba na iyawa. Jikina ƙaiƙayi yake yi. Ko liman ne ya ce yau ashirin ga wata alhali sha tara ne, sai na tare shi a ƙofar masallaci.

Wannan cutar ce ta kori matata Rabi. Ranar wani suna a gidanmu na unguwar Kpangalam mata sun cika tsakar gida, tana ba su labarin kakarta, wai ta taka daga Kano har Gwanja cikin kwana ashirin, da goyo a bayanta. Ni ina zaure tare da maza, ba wanda ya sa da ni. Sai kawai na ji bakina yana magana ta saman katanga. Na ce ba zai yiwu ba, na ga taswira a biro, ko doki ba zai yi ba. Da na tsaya nan da da sauƙi. Na ƙara da cewa tsofaffi dama sun iya shara ta. (Kakar nan ita ta goyi Rabi, kuma ba ta cika shekara da rasuwa ba.) Washegari na dawo daga aiki na tarar da ɗaki a share, tukwane a kife, Rabi ta hau kamyo, babbar motar kaya, ta yi gidan ubanta a Dapango.

Wata biyu ina cika baki cewa da ƙafarta za ta dawo. Ba ta dawo ba. Saƙo ne ya zo daga surukina ta bakin wani mai shanu: in ban zo biko kafin azumi ya kama ba, in aiko mata da takardarta, don ba zai ajiye 'yarsa tana jiran mutumin da ba ya kuskure ba. Ina son Rabi ƙwarai, ko da yake a lokacin da in faɗi haka a gaban mutane gara a yanka ni.

Biko kuwa mutum ba ya zuwa shi kaɗai. Dattijo ake ɗauka, shi ne mai magana, kai naka ka cire takalmi, ka durƙusa can gefe, ka kafa ido a ƙasa kamar ka yar da allura. Na je wurin Kawu Idi, ƙanen mahaifiyata, maɗinki a bakin kasuwa. Ya daɗe yana kallona ta saman ɗinkinsa.

"Zan je," in ji shi, "amma da sharaɗi biyu. Ka ajiye wannan guntun wandon ka sa kaya irin na 'ya'yan mutane. Sannan daga saukarmu Dapango har mu juyo, kada in ji muryarka sai a sallama da salla. Rantse."

Na rantse. Ya ara mini babbar riga da wando mai zariya, irin mai faɗin nan da za a iya juye buhun dawa a ciki. Ni da na saba da bel ban iya ƙulla zariya ba, girman kai kuma ya hana ni tambaya. Na yi mata ƙulli irin na igiyar takalmi na rufe da riga.

Mako guda kumandan ya ba ni. Kwana biyu muka ci a bayan kamyo ta Mango, a kan buhunan gishiri, muka isa Dapango ƙasusuwa na ƙara. Muka yi sallama a gidan surukina, sai aka ce ba ya nan, kuma ba Rabi. Wanda ya fito mana shi ne Sallau, ƙanen Rabi. Magidanci ne da 'ya'yansa, kusan sa'ana, amma tunda na auri yayarsa yana da izinin ya tsokane ni har kabari, kuma bai taɓa barin izinin nan ya yi tsatsa ba.

"Maraba da Kawu," in ji shi. "A'a, wane malami ne wannan kuka zo da shi? Kamar na san fuskar, sai dai ban saba ganinta baki a rufe ba."

Na haɗiye. Ya ce Baba da mutanen gida duk suna bakin ruwa, can bayan Bombuwaka, suna gyaran goro, kuma sai bayan kwana uku za su dawo. Surukina madugun goro ne. Goro kuwa ba ya son a manta da shi: a hanya dole bayan 'yan kwanaki a kwance kowane huhu, wato ƙunshin nan babba na ganye, a baje, a tsince wanda sankara ta ci, a sauya ganye, a yayyafa ruwa kaɗan, a sake ɗaurewa. Zafi ya yi yawa ya bushe, ruwa ya yi yawa ya ruɓe. Kwana uku ba mu da su, don haka washegari da hantsi muka bi Sallau.

Tun kafin ka ga ruwan za ka ji shi. Wani irin gurnani ne da ke shigowa ta tafin ƙafa. Da muka fito daga cikin itatuwa sai ga kogi guda ya zo bakin dutse ya rasa hanya, ya faɗo gaba ɗaya, tsayin rimi biyu ko fi, fari fat, feshi na tashi kamar hayaƙin girkin biki, ga bakan gizo kwance a ciki da rana tsaka. Ƙarshen damina ne, ruwa na kan ganiyarsa. Ban taɓa ganin abu mai kyau irinsa ba, kuma wannan ma yana cikin abin da ke ba ni haushi, don ko sau ɗaya ban taɓa tuna wurin na ji daɗi ba.

A gefen ruwan, jikin dutse, ga aikin Jamusawa, waɗanda suka riƙe ƙasar kafin Faransa. Sun sassaƙa wata hanya daga saman kogin zuwa ƙasa, suka jera mata duwatsu, suka raba ta ɗaki biyu masu zurfi, ɗaya sama ɗaya ƙasa, kamar matakala. A can sama ƙofa ce babba ta katako da ƙarfe ta tare kogin. A tsakanin ɗakunan wata ƙofar. A kan ta saman akwai wani ƙarfe zagayayye kamar sitiyarin kamyo, da sarƙa a naɗe, an soka masa gungumen kirya ta tsakiya. Ɗakin sama wayam, busasshe, sai ciyawa. Na ƙasa an rufe samansa da zana, muryoyi na tasowa daga ciki. Nan surukina yake baje goronsa, saboda inuwa da sanyin dutse da feshin da ke sauka a hankali.

Ina gani na gane abin. Hotonsa na cikin littafin karatunmu na lakwal, kuma sai da na sha bulala kafin na haddace shi. Matakalar jirgi ce. Kwalekwale ba ya hawa dutse, to sai ya shiga ɗakin ƙasa a rufe, a sako ruwa, ruwa ya ɗaga shi, a buɗe ya shiga na sama, a sake, har ya fita saman kogi da kayansa. Ni kaɗai a duk wurin nan na taɓa ganin abin a takarda, ga shi yau a gabana, kuma an ɗaure mini baki.

"Sallau, wannan kuma mene ne?" in ji Kawu.

Sallau ya dube ni ta wutsiyar ido. Wallahi na ga lokacin da shaiɗan ya shige shi.

"Tarkon dorina ne, Kawu."

"Dorina?"

"Ƙwarai. Bajamushe ba abin da yake so irin naman dorina. Sai su zuba kabewa a ɗakin nan, ta shigo ci, su rufe. In ta yi gardama su kora ta na ƙasa, can ne mahauta suke."

"Ikon Allah," in ji Kawu, yana gyaɗa kai. "To wannan ƙarfen fa?"

"Na murɗa wutsiyarta ne. Sai an murɗa take yarda ta kwanta." Ya juyo gare ni, fuska kamar ta mai wa'azi. "Ko ba haka ba ne, Mushe? Kai da ka yi karatu. Af, na manta, an ce kana azumin magana."

Dorina ko wutsiyar kirki ba ta da ita. Abin da ya fi ci mini rai shi ne Kawu ya yarda. Kawuna, jinina, zai koma Sokode ya zauna a bakin kasuwa ya baje wannan shirmen, a yi ta cewa ikon Allah, ni kuwa ina tsaye a wurin da aka ƙirƙiro shi ban ce uffan ba. Na cije leɓe har na ji gishirin jini.

Kawu ya ce in tsaya nan sama, shi zai fara sauka ya gaisa ya share hanya, in lokaci ya yi za a kira ni. Haka ake yi. Suka bi wata 'yar hanya ta gefe suka gangara, suka bar ni ni kaɗai da sitiyarin Jamus.

Yanzu ka ji irin lissafin da mutum mai karatu yake yi. Na ce na rantse ba zan yi magana ba, ban rantse ba zan nuna ba. Ɗakin sama babu kowa. Ƙofar tsakiya a rufe take, ga ta nan baƙa ƙirin, tsaye kamar ranar da aka kafa ta. In na murɗa sitiyarin kaɗan, wata 'yar kafa za ta buɗe a gindin ƙofar sama (haka yake a littafi), ruwa ya shigo a hankali ya cika ɗakin sama. In jefa ɓallin ƙwarya a ciki. In sun hauro su tarar da ƙwarya ta taso daga ƙasa har baki, ni kuwa in nuna da yatsa kawai, in naɗe hannu. Har na hango fuskar Sallau. Har na hango surukina yana cewa ashe yaron nan yana da kai. Na samo ɓallin ƙwarya na jefa. Na tuɓe babbar rigar Kawu na rataye a kan sitiyarin don kada ta yi datti, ka ji mai hankali. Na hau kan ƙofar sama, na kama gungumen kirya.

Bai so fita ba. Sau uku ina ja yana ƙi. Duk wani mai rabo da ya gane ana ba shi dama ne ya koma ya zauna. Ni kuwa na tofa yawu a hannu, na taka ƙarfen da ƙafa ɗaya, na ja da ƙarfin da ban san ina da shi ba.

Abin da littafi bai gaya mini ba shi ne, abin ya shekara ashirin ba Bajamushe a kansa. 'Yar kafar nan ta daɗe da toshewa. Manoman ƙabilar Moba na wurin sun ɗaure ƙofar sama gaba ɗaya da sarƙar, gungumen shi kaɗai ke riƙe da ita, da rani su taru mutum shida su sassauta faɗin yatsa don albasarsu. Kowa a yankin ya san haka, har awaki. Ƙofar tsakiya kuwa gara ta cinye cikinta tas, fuska kawai ta bari.

Gungume ya fita. Sitiyari ya juya da kansa yana ihu, ya naɗe rigar Kawu ya yayyaga ta a gabana. Ƙofar da nake tsaye a kai ta kwanta. Ban faɗa ruwa ba, ruwan ne ya zo ya ɗauke ni. Na ga ƙofar tsakiya tana tahowa, na rufe ido ina jiran in fashe a jikinta, sai muka ratsa ta ni da kogin kamar an ratsa tabarma.

Aka ce a daidai lokacin Kawu ya gama gaisuwa, ya durƙusa, ya fara cewa, "Malam, yaron nan ya yi hankali, yanzu ko magana ba ya..." Bai ƙarasa ba na iso.

Ba a kira ni ba na zo, kuma da kogi na zo. Goro ja da fari da aka baje a kan ganye tun asuba, huhun da aka gama ɗaurewa, tabarmi, butoci, takalman mutane, zanar da aka yi rufi da ita, Kawu Idi da hularsa, duk muka haɗu muka yi waje ta bakin ɗakin ƙasa, wanda Allah ya sa a buɗe yake. Maza na salati suna kama bango. Ni ban iya iyo ba. Wandon nan mai faɗi ya cika da ruwa ya zama salka, ya ja ni ƙasa, ya ja, ƙullin igiyar takalmi ya ce shi ba da shi ba. Na ji wando ya yi sallama da ni ya wuce.

Wani hannu ya damƙi wuyana ya fizgo ni kan wani faffaɗan dutse. Na yi tari, na amayar da ruwa, na share ido. Surukina ne. Mutumin da tun da na auri 'yarsa ban taɓa haɗa ido da shi ba, ban taɓa cin ko gyaɗa a gabansa ba, in na hango shi a hanya sai in cire takalmi tun daga nesa. Yana tsaye ruwa iya gwiwa, goronsa na wucewa ta tsakanin ƙafafunsa. Ni kuma ina gabansa yadda uwata ta haife ni, sai safa biyu da takalmi ƙafa ɗaya.

A bakin rafin, ƙasa kaɗan, matan gidansa suna wankin ganye. Da surukata. Da Rabi.

Ba wanda ya yi dariya, wannan daga baya ne. Tsoho ya dube ni sau ɗaya ya kawar da kai. Sai ya kai hannu ya fara warware rawaninsa. Ni ban san girman abin ba sai da na ji mata sun ja numfashi. Mutumin nan ko 'ya'yansa maza ba su taɓa ganin kansa a buɗe a waje ba. Ya warware, ya warware, har ƙarshe, ga kai nan sanƙo tal, da wani tsohon tabon sara daga goshi zuwa kunne, wanda 'yan fashi suka yi masa a hanyar Gwanja, wanda ya shekara talatin yana rufewa. Ya miƙo mini rawanin ba tare da ya kalle ni ba.

"Ɗaura," in ji shi.

Na ɗaura. Na saci kallon Rabi. Ta juya baya, ta ja mayafi ta rufe fuska, kafaɗunta na girgiza. Na yi fatan dariya take yi. Kuka take yi, kuma ba don ni ba, don kan ubanta ne. Duk abin da ya same ni a ranar, wannan ne har yau in na tuna nake jin kamar in tsaga ƙasa in shige.

Kawu ya rarrafo daga cikin ciyawa, laka har gira, babu hula. Ya tsaya a kaina yana huci.

"Ba ka rantse ba?"

"Kawu, ai ban yi magana ba."

Ka ji fa. Ka ji abin da na zaɓa in buɗe baki da shi. Ya ɗaga hannu, sai ya tuna a gaban wa yake, ya mai da hannun ya dafe kansa. Sallau kuwa yana can cikin ruwa yana tare huhu, fuskarsa ta yi fari, amma kada ka ce na yafe masa, ban yafe ba. Wa ya aike shi? Me dorina ta yi masa? Sannan Jamusawan nan da suka gina abu suka kama hanya suka tafi ba su bar ko rubutu a jiki ba, su ma ina da magana da su. Wanda ya zana hoton littafin kuma, da bai ga dama ya rubuta a ƙasa cewa gara na cin katako ba, Allah ya isa tsakanina da shi.

Ana cikin haka wani tsoho Bamobe ya gangaro da sanda, shi ne mai kula da gungumen. Ya dubi inda ƙofa take da, ya dubi kogin da ya sami sabuwar hanya, ya dube ni da rawani a ƙugu, ya yi magana da gurguwar Hausarsa.

"Wane ne ya cire itace? Kai? Ƙofa ya tafi, albasa ya mutu. Uwanka bai gaya maka kada ka taɓa abin mutane ba?"

Ni da nake gyara wa kumandan Faransanci in ya yi kuskure, na ce, "Ta gaya mini, Baba."

Sauran kwanakin hutuna a nan suka ƙare. Yini guda ina cikin rafi da ƙwarya ina tsintar goro ɗaya ɗaya daga cikin yashi, hannun da bai san komai ba sai alƙalami ya yi fari ya tattare. Abin da aka tsinto ma rabinsa ya sha ruwa, ba zai kai ko'ina ba. Yini biyu ina jan gumaka tare da manoman Moba ana toshe bakin hanyar. Suna waƙa da harshensu suna aiki, kowane baiti suka kai ƙarshe sai su juyo su kalle ni. Ban nemi a fassara mini ba. A duk kwanakin nan surukina bai ce mini ci kanka ba, Rabi kuwa in ta kawo abinci sai ta ajiye nawa a kan dutse ta wuce.

Da muka koma Dapango ya zauna a zaurensa, da sabon rawani, ya sa aka kira mu. Na durƙusa a bakin ƙofa. Ya fuskanci Kawu ya yi magana, kamar ba na wurin.

"Idi, ba zan ɓoye maka ba. Tun kafin ku zo na gama shawara a raba auren nan, abin da ya faru kuma bai sa na sake ba. Goro dukiya ce, tana zuwa tana tafiya, ba shi ne damuwata ba. Mutumin da zai ga abu a kulle ya ce shi ya fi wanda ya kulle sani, shi nake tsoro. Na gaya wa yarinyar haka."

Na fara tunanin yadda zan koma ɗakin nan na Kpangalam in zauna da tukwane a kife.

"Amma ta ƙi," in ji tsoho. "Ke, faɗa musu da bakinki, ni kunyar maimaitawa nake ji."

Muryar Rabi ta fito daga bayan ƙyaure, a hankali, ba rawa.

"Baba, cewa na yi goronka da rawaninka ne suka saya masa hankali. An riga an biya. In na bar shi yanzu, wata ce za ta zo ta mora a banza."

Sallau, da ke tsaye a waje, ya yi wani sauti kamar akuya ta shaƙe. Kawu ya fara jero godiya. Ni kuwa na kifa goshi a ƙasa, ina murna, ina jin haushi, ban san wanne ya fi yawa ba. Haka aka ba ni matata, kamar jakin da aka riga aka kashe kuɗin maganinsa.

Mun zauna lafiya, ba zan yi ƙarya ba, ta haifa mini shida. Na koyi barin mutum da kuskurensa in dai yana jin daɗinsa kuma ba ya cutar da kowa. Na koyi in na ga abu a toshe in fara tambayar wanda ya toshe, ko da kuwa bai taɓa riƙe littafi ba. Kawu ya koma Sokode ya ba da labarin tarkon dorina har ya rasu, ina zaune a gefensa sau da yawa, in ya juyo ya ce ko ba haka ba, in ce Allah ne masani.

Amma abu ɗaya ya tsaya mini a maƙogwaro. Ni ke da gaskiya. Matakalar jirgi ce, ba tarkon komai ba ne, kuma a duk mutanen da suka taru a bakin ruwan nan ba wanda ya taɓa buɗe baki ya ce haka ne. Sai da muka aurar da 'yarmu ta fari, wata rana da la'asar muna zaune tana tsince shinkafa, na ga fuskarta a sake, na yi ta maza.

"Rabi, tsakani da Allah, maganar ƙofar nan. Ba ni ke da gaskiya ba?"

Ko ɗago kai ba ta yi ba.

"Kai ke da ita, Malam. Da ka ɗaura ta a ƙugu ranar, da Baba bai cire rawaninsa ba."

Tun daga ranar ban sake tambaya ba.